Za mu York bikin kammala karatun 'yata: me za mu ci a gidan shayi da gidan abincin Italiyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata za ta karɓi digirinta a Jami'ar York da ke Ingila a watan Yuli, ni da mahaifinta za mu je mu yi kwana biyar. Ta ce za ta kai mu gidan shayi irin na Turawa, da kuma wani ƙaramin gidan abincin Italiyawa a cikin tsohon gari. Ni fa ina da tsantseni a kan abin da zai shiga cikina, Alhaji kuma ciwon gwiwa gare shi, ba ya son hayaniya. Me za mu ci, me za mu guje wa, kuma yaya ake yi a irin waɗannan wurare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a wannan karatu, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tambayar nan a gida ta same ni, domin na yi shekaru ina aikin abinci a York, mafi yawansu a kicin ɗin wani ƙaramin gidan abinci na wasu iyali 'yan kudancin Italiya. Da wanke-wanke na fara, har aka zo aka damƙa mini murhun taliya. Daga baya na koma wani gidan shayi ina gasa abubuwan da ake ci da shayin. Abin da zan faɗa miki daga bayan ƙofar kicin na gan shi.

Ki kwantar da hankalinki, za ku ci ku ƙoshi. 'Yarki ta yi tunani da ta zaɓi ƙaramin gida. Manyan gidajen abinci masu rassa a kowane gari, sau da yawa miyarsu a ƙulle take zuwa daga masana'anta, ɗumama ta kawai ake yi, ko kin roƙi a cire wani abu ba mai iya cirewa. A ƙaramin gida kuwa kuku yana nan taku goma daga teburinku, kuma yawancin abincin sai kun yi oda ake ɗora shi a wuta. Abin da ya rage shi ne ki san yadda ake tambaya. Idan kika ce wa mai sabis "abincinku halal ne?", ko dai ya ce a'a don ya fita daga rigima, ko ya ce e saboda bai ga naman alade a farantin ba. Duk amsoshin biyu ba su amfane ki da komai ba. Tambayar da take aiki ita ce wadda ta kama sunan abu: an sa giya a wannan miyar? Da romon me aka dafa? Da wane kitse aka kwaɓa fulawar? Ita wannan dole ya shiga ciki ya tambayi kuku, kuku kuwa ya san abin da hannunsa ya zuba.

Bari in ɗan nuna miki garin tukuna, don inda za ku zauna ku ci ya danganta da shi. Rumawa ne suka kafa York a shekara ta 71, mayaƙan Viking suka ci garin a 866, kuma har yau da ganuwarsa ta dutse mai tsawon kimanin kilomita uku da rabi, da manyan ƙofofi huɗu: Bootham, Monk, Walmgate da Micklegate. Duk wanda ya tashi a gari mai ganuwa zai gane tsarin da kallo ɗaya. Abu ɗaya yana rikita baƙo. A York, sunan da ya ƙare da "gate" titi ne, kalmar mutanen Viking ce, ƙofar ganuwa kuma "bar" ake ce mata. Idan 'yarki ta ce ku haɗu a Monk Bar, ƙofar gari take nufi, ba mashaya ba.

A tsakiyar garin akwai babbar majami'ar nan York Minster da aka kammala a 1472, da wani siririn lungu mai suna Shambles, tsohon layin mahauta ne, har yau za ki ga ƙugiyoyin rataye nama a gaban wasu shaguna. Ku je ku gani, ku ɗauki hoto, amma cin abincin dare ku matsa gaba kaɗan. Kuɗin haya a wannan zagayen yana da tsada, mai gidan abinci kuwa ya san baƙon da ya shigo yau ba lalle ya sake ganinsa ba. Ƙananan gidajen da 'yan gari suke komawa sun fi yawa a Fossgate, Walmgate, Gillygate, Goodramgate, Micklegate, da Bishopthorpe Road a wajen ganuwa. Duka tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna.

Maganar gwiwar Alhaji kada a ɗauke ta da wasa. Gine-ginen nan wasu sun shekara ɗari huɗu, ɗari biyar, hukuma ta hana a taɓa fasalinsu. Matakala siririya ce mai tsayi, ƙofa gajera, banɗaki sau da yawa yana bene ko yana can ɗakin ƙasa. Lokacin da 'yarki za ta kama muku tebur, ta ce a ƙasa kuke so, ta kuma tambayi inda banɗaki yake. Na sha ganin dattijo ya hau matakala ashirin da ƙyar, abinci ya zo bai ma ji daɗinsa ba. Wasu titunan kuma da duwatsu aka shimfiɗa su, ku sa takalmi shafaffe.

To, gidan shayi. Shi da rana ake zuwansa, yawancinsu ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma sun fara tattara kujeru. Asalinsa ma wurin zaman mata ne. A ƙarshen ƙarni na 19 mace mai mutunci a Ingila ba ta da inda za ta zauna ita kaɗai ta ci abu in ba gidan shayi ba, saboda sauran wuraren mashaya ne na maza. Shi ya sa har yau za ki tarar da wurin a natse, murya ƙasa-ƙasa, tsofaffi da jikokinsu. Alhaji zai ji daɗinsa. York ma tana da tarihin ƙin barasa: iyalan Rowntree, mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Quaker, sun ɗauki koko a matsayin abin sha da zai raba ma'aikata da giya, kuma a masana'antarsu ta garin aka fara yin KitKat a 1935.

Wanda ya fi suna shi ne Bettys da ke dandalin St Helen's. Wani maraya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Frederick Belmont ne ya buɗe na farko a garin Harrogate a 1919. A 1936 ya shiga jirgin ruwan Queen Mary a tafiyarsa ta farko, adon jirgin ya burge shi, ya sa aka ƙawata masa reshen York da irin wannan ado, aka buɗe a 1937. A ƙasan ginin akwai wani madubi da ɗaruruwan sojojin sama suka kankare sunayensu a jiki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu 'yan Kanada, wasu daga cikinsu sun tashi ba su dawo ba. Ki ce a nuna miki. Wurin yana da layi, musamman daga tsakar rana, layin har yakan zagaya jikin tagogi. Tsayuwar nan ba ta Alhaji ba ce. Ko dai ku je da safe da zarar an buɗe, ko 'yarki ta kama muku wuri tun yanzu a ɗakin sama da ake kira Belmont Room, bayan ta tambaye su yadda ake hawa. Kuma ba dole sai Bettys ba. Akwai ƙananan gidajen shayi masu tebur shida ko takwas a lungunan garin, inda matar da ta gasa kek ɗin ita ce za ta kawo miki shi, kuma nan tambaya ta fi sauƙi.

A takardar abinci za ki ga sunaye biyu masu kama da juna. "Cream tea" butar shayi ce da wani gasasshen burodi mai laushi da ake kira scone, da jam, da kirim mai kauri. "Afternoon tea" kuwa cikakken zama ne, ana kawo faranti uku a jere ɗaya bisa ɗaya: na ƙasa ƙananan sanwic, na tsakiya scone, na sama kayan zaƙi, daga ƙasa ake farawa a hau sama. Ana danganta al'adar da Anna, matar hakimin Bedford, wajen 1840, wadda yunwa take damu tsakanin abincin rana da na dare da ake ci a makare. A ido kamar abin taɓa-ka-lashe ne, amma yana cika ciki, ranar da za ku ci shi kada ku ci abincin rana. Kuɗinsa kuma kowane mutum da nasa ake lissafawa, ya fi farantin taliya tsada nesa ba kusa ba. In da ni ce, mutum uku zan yi odar guda biyu, na ukun ya karɓi cream tea, a haɗa a ci tare.

Shayin ba irin na mai shayi ba ne da ake haɗawa da kauri. Buta za a kawo da ganye a ciki, da wata butar ta ruwan zafi zalla don sirkawa, da 'yar madarar shanu mai sanyi, da mataci. Ki bar shi ya yi minti uku zuwa biyar kafin ki tsiyaya. Idan kina son mai ƙarfi da zai ɗauki madara, ki nemi Assam ko English Breakfast. Earl Grey yana da ƙamshin ɓawon wani lemo, wasu na so wasu ba sa so. Shi scone da hannu ake raba shi biyu, a shafa wa kowane ɓari jam da kirim. Mutanen Devon kirim suke fara sawa, na Cornwall jam, a York ba mai duba miki. Kirim ɗin nan, clotted cream, saman madara ne da aka dafa a hankali aka bari ya huce ya yi kauri kamar man shanu sabon kaɗi, halal ne tsaf. Ki ɗanɗana Fat Rascal na Bettys, wanda suka fara sayarwa a 1983, mai zabibi da ɓawon lemo, an yi masa fuska da 'ya'yan itace. Akwai kuma parkin, kek ɗin Yorkshire mai citta.

Abin lura a gidan shayi kaɗan ne. A cikin sanwic kusan kullum akwai na ham, naman alade ne, kuma a faranti ɗaya ake jera su suna taɓa juna. Tun wajen oda ki ce na marasa cin nama kuke so, ko na kifi: ƙwai, kokwamba, cuku, kifin salmon. Sausage roll da pork pie alade ne. Kek mai duhu mai yawan zabibi, wanda mutanen Yorkshire suke ci da cukun Wensleydale, sau da yawa an jiƙa zabibinsa da giya. Rarebit, burodin da ake gasawa da narkakken cuku a kai, bisa al'ada da giyar sha'ir ake dama cukun. Duk wani abin zaƙi mai santsi da yake tsaye da kansa yana rawa a faranti, ki tambaya ko da gelatin aka yi shi, domin yawancin gelatin ɗin Turai daga fatar alade ake samunsa. Ɓawon fulawa na tart kuma a tsohon girki da kitsen alade ake murza shi, yanzu da yawa sun koma man shanu, amma tambaya ba ta ɓaci ba. Idan aka ce za a ƙara muku prosecco ko champagne, giya ce, ki ce a bar shi.

Yanzu gidan Italiyawa, inda na fi sani. Italiyawa sun daɗe a Birtaniya, tun ƙarni na 19 suke zuwa suna sayar da askirim. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kawo fursunonin Italiya Yorkshire, su suka gina sansanin Eden Camp kusa da Malton a 1942, yanzu gidan tarihi ne. Bayan yaƙin wasu dubbai suka zo ci-rani daga kudancin ƙasar. Shi ya sa da wuya ki shiga garin Ingila ki rasa gidan taliya na iyali.

Kafin ku shiga, ki tsaya ki karanta takardar abincin da aka manna a bakin ƙofa. Idan gajera ce, taliya kala shida ko takwas, da allo da aka rubuta na yau da alli, alama ce mai kyau. Idan ta yi shafi shida da abinci kala tamanin, to firiza ce take girki, ba yadda za a yi mutum biyu a ɗan ƙaramin kicin su dafa wannan duka sabo. Ki duba taga kuma, za ki ga wata koriyar takarda ta hukumar kula da abinci mai maki daga 0 zuwa 5, makin tsafta ne. A Ingila ba dole ba ne a manna ta, amma mai 5 ba ya ɓoye tasa, kuma 'yarki za ta iya duba makin kowane gida a intanet.

Takardar a jere take: antipasti abin buɗe baki, primi taliya da shinkafa, secondi nama ko kifi, contorni ganye da dankali na gefe, dolci kayan zaƙi. Ba wanda ya ce sai kun ci duka. Abin buɗe baki biyu a tsakiya, kowa da farantinsa ɗaya, ya wadatar.

Naman alade a girkin Italiya sunayensa da yawa, kuma ba ɗaya da ya yi kama da sunansa na Turanci. Ki sa 'yarki ta rubuta miki su a waya: prosciutto, pancetta, guanciale, salami, salsiccia, mortadella, speck, 'nduja, lardo. Pepperoni da ake sawa a kan fiza shi ma alade ne, kada ki rikita shi da peperoni, wato tattasai, ko peperoncino, wato barkono. Taliyar carbonara da ta amatriciana ginshiƙinsu alade ne, ba sa gyaruwa. Miyar bolognese da lasagne, ko an rubuta naman sa, bisa asali ana haɗawa da na alade da kuma giya, a tukunya ɗaya ake dafawa tun safe. Tortellini da alade ake cusa shi. Har minestrone, miyar kayan lambu da kowa yake ɗauka lafiya lau ce, wasu kukun da 'yan gutsattsarin pancetta suke fara soya albasarta.

Wannan duka mai sauƙi ne, tunda suna gare shi. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a rubutawa, wato farar giya. A gefen murhuna akwai kwalba da ba ta rabuwa da wurin, kamar yadda gishiri ba ya rabuwa da kicin ɗinki. Kuku zai soya tafarnuwa a man zaitun, ya jefa jatan lande ko kifi, kasko ya ɗau zafi, sai hannunsa ya kai ga kwalbar nan ya tsiyaya, ya yi ƙara, tururi ya tashi. Ba ya ma tunani, hannu ne ya saba. Shi a wurinsa kayan ƙamshi ne, ba abin da za a rubuta a takarda ba. Ni da na karɓi murhun, ruwan dafa taliya da lemon tsami nake sawa a madadinta, mai gidan ya ɗanɗana ya yarda. Wata rana wasu iyali Musulmi suka zo, sabon yaron sabis ya ce musu risotto, wata shinkafarsu, mai naman kaza, wato laimar kwaɗi, ba komai a ciki, tunda ba nama. Ina jin odar na fito da kaina na gaya musu an riga an sa giya a shinkafar tun rana. Dattijuwar cikinsu ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, aka canja musu da wani abu. Yaron ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne, kuma ba wanda ya tura shi ya tambaya.

Risotto ɗin nan ki fahimce shi da kyau. Shinkafa ce da ake soyawa sama-sama, a zuba giya ta tsotse, sannan a riƙa ƙara romo kaɗan-kaɗan ana juyawa kusan minti goma sha takwas zuwa ashirin. Gidaje da yawa ba sa iya jiran wannan a lokacin cunkoso, sai su dafa ta rabi tun da rana su shanya a tire. Idan aka yi haka, giyar ta riga ta shiga, ba ta fita. Idan kuwa kuku ya ce daga farko zai dafa miki, ki jira minti ashirin da biyar, to zai iya barin giyar ya yi da romon ganye. Za a ce miki ai wuta tana ƙone giyar. Ba ta ƙone ta duka. Wani bincike da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma akwai kashi 5. Miyar kasko kuwa minti uku ce zuwa huɗu.

Akwai wata dabara da na koya a ciki. Doka ta wajabta wa kowane gidan abinci ya bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da alkama. Alade da giya ba sa cikin jerin, amma akwai wani sinadari mai suna sulphites da yake cikinsa, kuma giyar inabi tana ɗauke da shi. Ki nemi takardar nan. Duk miyar da aka yi wa alama a wannan layin, ki tambaya ko giya ce ta jawo. Wani lokaci ruwan tsamin inabi ne kawai ko busassun 'ya'yan itace, amma ya nuna miki inda za ki tsaya.

Me ya rage a ci? Da yawa, kuma su ne ma ainihin girkin talakawan kudancin Italiya, waɗanda nama ba kullum suke samu ba. Penne all'arrabbiata, tumatir da tafarnuwa da barkono, zai yi wa harshenmu daidai, ki ce a ƙara barkono don nasu yajin ba ya kai mana. Spaghetti aglio, olio e peperoncino, man zaitun da tafarnuwa da barkono kawai, da shi nake gane hannun kuku, don ba inda zai ɓuya. Pasta alla Norma ta mutanen Sisili, da soyayyen gautan Turawa da tumatir da ɗoɗɗoya. Puttanesca mai 'ya'yan zaitun da ɗan ƙaramin kifi mai gishiri. Ravioli mai cuku da alayyafo. Melanzane alla parmigiana, gautan da aka jera da miya da cuku aka gasa. Ga Alhaji, gasasshen kifi branzino da lemon tsami da dankali, a ce ban da giya. Idan an rubuta taliyar a gidan ake murza ta, ki zaɓe ta, 'yar'uwar taliyarmu 'yar murji ce, sai dai da ƙwai ake kwaɓa ta. Za ki ji taliyarsu da ɗan tauri a tsakiya, ba ɗanya ba ce, haka suke so, al dente suke ce masa. Idan Alhaji ya fi son mai laushi, a faɗa tun farko a ƙara mata minti biyu, ba wanda zai ji haushi.

Fiza ma mafita ce. Ƙullinta fulawa ne da ruwa da gishiri da yis. Margherita tumatir ce da cuku da ɗoɗɗoya, marinara ko cukun babu. Irin ta birnin Naples a tanda mai zafin sama da digiri 400 ake gasa ta, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta fito, gefenta ya kumbura da ɗigon baƙi-baƙi, tsakiyarta da laushi. Ki ce a kawo ba a yanka ba, ku yanka da wuƙarku, saboda abin yankan guda ɗaya ne yake bi ta kan kowace fiza, har da mai alade. A Italiya ma haka ake kawo ta, ba wanda zai ga baƙon abu.

Kaza da naman sa, a ƙa'ida ba yankan Musulmi ba ne. Amma ƙananan gidaje da dama daga dillalan da suke kawo kajin halal suke saye, ko da ba su rubuta ba. Ki tambaya, mai gaskiya zai ɗauko miki kwalin ki ga tambarin. Cukun Parmigiano da ake barbaɗawa a kan taliya kuwa da wani sinadari daga cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsa idan dabbar ba yankakkiya ba ce. Wannan ki tambayi malaminki kafin ki taso. A tebur dai ake kawo shi a tambaye ki, kina iya cewa a'a, sai dai pesto, wato miyar ɗoɗɗoya, da wasu miyoyin a cikinsu yake tun asali.

Kayan zaƙi nan ne mutane suke sakin jiki su faɗa. Tiramisu a gidaje da yawa da giyar Marsala ko wata barasa ake jiƙa biskit ɗinsa, wasu kuma gahawa zalla suke sawa, sai an tambaya. Panna cotta gelatin ne yake tsayar da shi. Cannoli na asali da kitsen alade da giya ake kwaɓa ɓawonsa. Askirim ɗinsu, gelato, ko sorbetto na lemon tsami ya fi kwanciyar hankali, ban da mai ɗanɗanon rum. A ƙarshe mai gida yakan kawo 'yan ƙananan kofuna da wani ruwa rawaya, kyauta, don girmama baƙo. Limoncello ne, barasa ce mai ƙarfi. Ki yi godiya ki ce ba kwa sha, zai fahimta, sau da yawa ma sai ya kawo gahawa a madadinsa.

Lokaci kuma yana da muhimmanci. Makon bikin yaye ɗalibai garin cika yake, gidan da yake da tebur goma ana kame shi makonni kafin ranar, 'yarki ta yi waya yau ba gobe ba. Ku zaɓi ƙarfe biyar da rabi ko shida na yamma. Kicin bai rikice ba tukuna, kuku yana da sararin sauraron buƙatarku, wasu gidajen ma suna rage farashi a wannan lokacin. Ku guji tsakiyar gari daren Juma'a da na Asabar, da ranakun sukuwar dawaki a filin Knavesmire, domin ayarin masu shaye-shaye suna cika tituna, kuma za a sayar da giya a teburan da ke kusa da ku ko a gidan Italiyawan ne. Ku nemi tebur na lungu.

Wajen biya, farashin da aka rubuta har da haraji a ciki. Ruwan famfo kyauta ne a duk gidan da yake da lasisin sayar da giya, doka ce, kuma mai tsafta ne, ki ce shi kike so kada a kawo na kwalba mai tsada. Ba a kawo takardar kuɗi sai kun nema, ba a korar baƙo da ita. Ki duba ƙasanta, wasu sukan ƙara kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari na sabis. Idan an sa, ba sai kin ƙara tukuici ba. Idan ba a sa ba kuma kun ji daɗi, kashi goma ya yi, kuma tun daga watan Oktoba na 2024 doka ta hana mai gida taɓa wannan kuɗin, na ma'aikata ne. Yawancin wurare da kati ake biya, wasu ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. Abin da ya rage a faranti ki ce a sa muku a kwali, ba abin kunya ba ne.

A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a York sai wajen tara da rabi na dare, don haka za ku gama cin abinci da sauran haske sosai kafin magariba. Masallacin garin yana Bull Lane, bayan an fita ta ƙofar Walmgate, a kan hanyar jami'a. Masallacin nan ne ya shiga labaran duniya a watan Mayun 2013, lokacin da wasu 'yan ƙungiyar EDL masu ƙin Musulmi suka zo zanga-zanga a ƙofarsa, jama'ar masallacin suka fito musu da shayi da biskit, aka zauna aka yi hira, har aka buga ƙwallo tare. Idan a Fossgate ko Walmgate kuka ci, ku da 'yarki za ku iya takawa, Alhaji a tsayar masa da tasi. Ki gaishe mini da mai digiri.